Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna Suna Neman Raba Ni da Aikina

Assalamu alaikum, Malama. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, na gama difloma, kuma wata bakwai ke nan da na sami aikin buga takardu a ofishin wani lauya a Kaduna. Damuwata ita ce kalmomin Turanci waɗanda yawan haruffansu ɗaya ne, haruffan kuma suke kama da juna. Na taɓa buga "trail" a inda ake nufin "trial", na buga "field" a maimakon "filed", sannan a makon jiya na buga "martial" a takardar rantsuwar wata mata a inda ya kamata in buga "marital", har takardar ta je kotu aka dawo da ita. Maigidana ya yi mini faɗa a gaban abokan aiki, ya ce idan aka kuma zai nemi wata. Wata ƙawata ta turo mini dogon jerin kalmomi da aka tsara bisa yawan haruffa, masu huɗu daban, masu biyar daban, masu bakwai daban, ina haddace talatin kowane dare, ina kuma buga wasan kalmomi na Wordle, amma sai ƙara ruɗewa nake yi. Da albashin nan nake taimaka wa mahaifiyata da ƙannena. Ko dai kaina ne ba ya ja? Ko in ajiye aikin tun kafin a kore ni?

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ajiye aikinki, kuma kada ki ƙara cewa kanki ba ya ja, domin kurakuran da kika lissafa mini da kansu suke ba da shaidar akasin haka. Na koyar da Turanci a makarantar sakandare shekaru masu yawa, na san irin rubutun wanda bai iya harshen ba, wato wanda yake ƙago abin da babu shi a cikin ƙamus. Ke kuwa duk kalmar da kika buga bisa kuskure kalma ce ta gaskiya wadda kin san ta, sai dai ta zauna a kujerar 'yar'uwarta. Wannan matsala ce mai magani, amma abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki ajiye jerin nan da ƙawarki ta turo miki tun daga daren yau. Ta yi da kyakkyawar niyya, Allah Ya saka mata, amma ba don irin buƙatarki aka tsara shi ba, kuma ina da tabbacin yana cikin abubuwan da suka ƙara dagula miki lissafi.

Ana tsara kalmomi bisa yawan haruffa da irin haruffan da suka yi tarayya a ciki ne saboda masu wasannin kalmomi. Wasan Scrabble, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙirƙira a 1938, aka kuma fara sayar da shi da wannan suna a 1948, yana da 'ya'ya 100, kowane ɗa da harafi a kansa in ban da biyu da aka bari babu komai. Ɗan wasa yana riƙe da haruffa bakwai a lokaci guda, idan ya iya zuba su duka a kalma ɗaya sai a ƙara masa maki 50. Saboda haka abin da yake damun gwanin Scrabble shi ne ya san kalmomi nawa za su fita daga haruffan da suke hannunsa, kamar yadda haruffa bakwai iri ɗaya suke ba da "retains" da "nastier" da "retinas" da "stainer". Alƙalin wasa ba ya tambayarsa ma'anar kalma, iyakarsa ya duba ko tana cikin littafin kalmomin da aka yarda da su. Babbar hujja a kan wannan ita ce Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, wanda ya lashe gasar duniya ta Scrabble ta harshen Faransanci a ƙasar Beljiyam a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, domin ya haddace siffar kalmomin ne kawai. A shekarar nan ce kuma Wellington Jighere na Najeriya ya ci gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Ina jinjina wa waɗannan mutane ƙwarai, amma sana'arsu daban, taki daban. A wurinsu "trial" da "trail" darajarsu ɗaya, maki ɗaya suke kawowa, a wurinki kuwa ɗaya shari'a ce a gaban alƙali, ɗaya sawu ne ko turba a daji.

Wordle ma haka yake. Wani injiniyan kwamfuta ɗan asalin Wales, Josh Wardle, shi ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Kalma ce mai harafi biyar ake nema a cikin gwaji shida, kore ya nuna harafi ya faɗa gurbinsa, rawaya ta nuna yana cikin kalmar amma ba a nan ba, ruwan toka ya nuna babu shi. Ki lura da abin da wasan yake horar da ƙwaƙwalwarki a kai: ki ɗauki haruffa ki yi ta jujjuya su har su dace, ba tare da jimla ba, ba tare da ma'ana ba. Wannan jujjuyawar ita ce ainihin abin da kike neman tsari da shi a wurin aiki.

Masana koyar da harsuna sun daɗe da lura da wannan. Wata malama mai suna Batia Laufer ta yi nazari tun a shekarun 1980 a kan kalmomin Turanci masu kama da juna a siffa, ta nuna cewa suna cikin manyan abubuwan da suke ruɗa masu koyon harshen, har da waɗanda suka yi nisa. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington, wanda ya shafe rayuwarsa a kan nazarin yadda ake koyon kalmomi, ya yi gargaɗi cewa koyon sababbin kalmomi masu alaƙa ta kusa a zama ɗaya yana sa su cakuɗe, mai koyo ya tuna duka biyun amma ya kasa tuna wacce ce wacce. Ki ɗauki misalin tagwaye. Baƙon da aka nuna wa Hassana da Husaina a tsaye kafaɗa da kafaɗa, sanye da kaya iri ɗaya, aka ce ya riƙe sunan kowacce, gobe idan ya gamu da ɗaya a hanya sai ya yi canki-canki. Uwarsu kuwa ko daga bayan ɗaki ta ji tari ta san na wacce ce, domin ta zauna da kowacce ita kaɗai, ta san halinta da muryarta. Ke kina tara tagwaye talatin kowane dare bayan kin dawo a gajiye, kina neman ki san su daga fuska kawai, to ba abin mamaki ba ne don kin wayi gari sun zame miki abu guda.

Ki duba harshenki na Hausa za ki ga cewa kina da wannan basirar tun kina ƙarama. "Sama" da "masa" haruffansu ɗaya ne, haka "riba" da "bari", haka "rami" da "mari", haka "daga" da "gada", amma ban yi zaton kin taɓa rubuta wa wani cewa kin sami bari a ciniki ba. Har ma muna da abin da ya fi na Turanci wuya, tunda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, "gari" na mutane da "gari" na tuwo, "kuka" na ido da "kuka" ta miya, duk rubutunsu ɗaya. Ba kya ruɗewa, saboda kowacce ta zo miki ne a cikin magana, tare da abokan tafiyarta, a lokacin da kike buƙatarta. Ta wannan ƙofar ce kalmomin Turanci ma za su shiga su zauna.

Da na duba misalanki da kyau, na ga cewa ba cuta ɗaya ce take damunki ba, kuma wadda na fi zargi ba ta da alaƙa da sanin Turanci ko kaɗan. Ki ɗora hannayenki a kan madannan kwamfuta ki buga "trial" a hankali. Harafin i yana hannun dama, harafin a yana hannun hagu. Idan kina sauri, hagu ya riga dama da ƙiftawar ido, sai "trail" ta fito. A "filed", harafin l na dama ne, e na hagu. A "marital", i na dama ne, t na hagu. Haka abin yake a "from" da "form", da "sign" da "sing", da "used" da "sued", da "casual" da "causal", da "diary" da "dairy": a kowanne, haruffa biyun da suke musayar gurbi suna hannaye daban-daban ne. Wannan tuntuɓen yatsa ne, yana samun ƙwararrun masu buga takardu da aka haifa cikin Turanci, kuma yana ƙaruwa ne idan mutum yana sauri ko yana cikin fargaba. Tun ranar da aka yi miki faɗa, na san kina zama a gaban na'urar nan gabanki yana faɗuwa, hannu mai rawa kuwa ya fi saurin tuntuɓe. Haddar kalmomi dubu ba za ta hana yatsan hagu riga na dama ba.

Za ki ce to me ya sa ba kya ganin kuskuren idan kin sake karantawa. Dalili shi ne wanda ya iya karatu ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, kallon kalma yake yi gaba ɗayanta, ƙwaƙwalwa ta cike sauran da abin da take tsammani. Wani mai bincike, Graham Rawlinson, ya nuna a Jami'ar Nottingham a 1976 cewa ana iya hargitsa haruffan tsakiyar kalma, ƙwararren mai karatu ya fahimce ta ba tare da wata wahala ba muddin na farko da na ƙarshe suna wurarensu. Duk misalanki uku suna da harafin farko da na ƙarshe iri ɗaya, tsakiyar ce kawai ta motsa. Ƙari a kan haka, ke kika buga takardar, kin san abin da kike nufi, saboda haka idonki abin da yake zuciyarki yake gani. Kwamfuta ma ba za ta cece ki ba, domin jan layin da take ja a ƙarƙashin kalma yana fitowa ne idan kalmar ba ta cikin ƙamusunta, "martial" kuwa tana ciki daram.

Maganin wannan ɓangaren tsari ne na dubawa, kuma ina so ki ɗauke shi da muhimmanci kamar yadda kike ɗaukar bugun kansa. Idan kin gama takarda mai muhimmanci, musamman wadda za ta je kotu, kada ki miƙa ta nan take. Ki tashi ki yi wani abu na minti biyar ko goma, sannan ki fitar da ita a firinta, ki ɗora rula a ƙarƙashin layin da kike karantawa don ta rufe na ƙasa, ki karanta da baki, kina furta kowace kalma ko da a hankali ne yadda ba za ki dami kowa ba. Furtawar nan ita ce sirrin, domin kalmomin da suka yi kama a ido yawanci ba su yi kama a kunne ba. "Marital" gaɓa uku ce, ma-ri-tal, "martial" kuwa biyu ce, ana furta ta kusan kamar mashal. "Trial" gaɓa biyu ce, "trail" ɗaya. "Quiet" biyu, "quite" ɗaya. Manhajar Microsoft Word tana da wurin da za ki danna ta karanta miki takarda da murya, ki sa abin ji a kunne ki bi da ido a kan takardar, ita ba ta san abin da kike nufi ba, abin da kika buga kawai za ta faɗa. Bayan wannan, ki tanadi 'yar takarda ki liƙa a gefen teburinki mai ɗauke da kalmomin da suka taɓa kayar da ke, naki na kanki ba na wani ba, kafin ki rufe kowane aiki ki danna Ctrl da F ki nemi kowacce. Idan kin nemi "trail" ko "field" ko "martial" ko "sing" a takardar lauya kika same ta, kusan kullum kuskure ne, domin ba kasafai aikinku yake buƙatarsu ba. Wannan neman kalmomin ba zai ci miki minti uku ba.

Akwai kuma rabon kunne a cikin lamarin, wanda ya shafe mu Hausawa musamman. Gaɓar Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa idan muka ari kalma sai mu cusa wasali a tsakani, muka sami burodi da direba da firamare. Wanda bakinsa ya saba da haka yana iya jin "from" da "form" sun kusanci juna fiye da yadda suke a bakin mai harshen. Haka kuma sautin p da f ba sa bambanta ma'ana a Hausa, saboda haka "pull" da "full", ko "pile" da "file", suna iya haɗuwa idan maigidanki yana yi miki shifta da baki. A nan babu abin kunya idan kin ce, "Yallaɓai, a maimaita mini," ko ki nemi ya rubuta kalmar a gefen takarda.

Sauran kurakuran su ne na sani, wato inda da gaske mutum bai tabbatar da wace kalma ce ta dace ba, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne Turanci yake da wata hikima da ba a cika koya wa yara a makaranta ba. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma rubutunsa ya tara gado daga wurare da yawa. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin harshen, musamman a fannin shari'a da mulki, shi ya sa yawancin kalmomin ofishinku daga can suka fito. William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, alhali furucin wasula yana ci gaba da sauyawa har ƙarni biyu ko fiye bayan haka. Sakamakon shi ne rubutun kalmar Turanci sau da yawa yana nuna danginta fiye da yadda yake nuna sautinta. Saboda haka idan kalmomi biyu suka yi miki kama, kada ki jera su kina kallo, ki bi kowacce zuwa gidan ubanta.

"Marital" ta fito daga kalmar Latin mai nufin miji, 'yan gidansu su ne "marry" da "marriage", kuma a "marriage" kina ganin r da i suna tafiya tare kamar yadda suke a "marital". "Martial" kuwa daga Mars take, abin bautar Rumawa na yaƙi, wanda daga sunansa aka sami watan Maris, shi ya sa take zuwa a maganar soja da kotun soja. "Trial" 'yar "try" ce, y ta koma i aka ɗafa mata ƙeya, kamar yadda "deny" ta haifi "denial". "Trail" kuwa kin riga kin san ɗanta a Hausa, wato tirela, abin da ake ja a baya. "Filed" ba komai ba ce illa fayil ɗin da kike ɗauka kullum, aka ƙara masa d don nuna an riga an shigar, ita kuma "field" fili ne, ko a kunne ma sun yi kama da kalmarmu. Harafin g da ba a furtawa a "sign" yana farkawa a "signature" da "signal", wadda direbobinmu suke kira sigina. "Causal" tana ɗauke da "cause" a cikinta. "Council" majalisa ce, daga nan muka sami kansila, "counsel" kuwa shawara ce ko lauyan da yake ba da ita, kuma wannan ta biyun ce za ki fi bugawa. "Principal" shi ne babba, kamar firinsifal na makaranta ko uwar kuɗi a maganar bashi, "principle" kuwa ƙa'ida ce ko aƙida. Da zarar kalma ta sami dangi a cikin kanki, kamanninta da wata ba ya ƙara yi miki barazana, kama da wane ai ba wane ba ce.

Akwai wata ƙa'ida guda da za ta rage miki aiki sosai. A Turancin Ingila, wanda shi ne kotuna da makarantun Najeriya suke bi, c tana nuna suna, s tana nuna aikatau, a cikin "advice" da "advise", da "practice" da "practise", da "licence" da "license", da "device" da "devise". "Advice" da "advise" sun fi sauƙin riƙewa domin furucinsu ya bambanta, sai ki auna sauran da su. Amurkawa, waɗanda suka bi tafarkin ƙamusun Noah Webster na 1828 a abubuwa da dama, suna rubuta "license" da "practice" ga suna da aikatau duka. Yawancin kwamfutoci suna zuwa ne an saita su a kan Turancin Amurka, saboda haka gobe da safe ki duba taki, ki mayar da ita kan na Ingila, in ba haka ba, za ta riƙa ja miki layi a ƙarƙashin abin da yake daidai.

Gajerun jimloli masu tsawo ɗaya ma suna da irin wannan tarkon, kuma su dangi ba ya fitar da su, sai zama da su a cikin magana. "On time" na nufin a daidai lokacin da aka sa, "in time" na nufin kafin dama ta wuce. "Put off" ɗage abu ne, "put out" kashe wuta ne ko fitar da sanarwa. Irin waɗannan ki kwafe su tare da cikakkiyar jimlar da kika gan su a ciki.

Game da yadda za ki yi karatun dare, ki sauya talatin ɗin nan da uku ko huɗu, kuma ki ɗebo su daga tsofaffin fayilolin ofishinku, da izinin maigidanki, ba daga intanet ba. Ki sami littafi, kowace kalma da shafinta, ki rubuta jimlar da kika tsince ta a ciki bayan kin cire sunayen mutane, ki rubuta ma'anarta da Hausa, da danginta biyu ko uku, sannan ki ƙirƙiro jimlarki. Idan kin ɗauki "precede" a wannan makon, ki bar "proceed" sai wani makon, har ta farkon ta zauna da gindinta. Sai bayan kowacce ta zama taki sannan za ki haɗa su a shafi ɗaya ki duba inda suka rabu. Alarammomi sun san wannan hanya a game da ayoyi masu kama da juna: sai tilawar kowace sura ta yi ƙarfi a wurinta sannan gardi yake zama ya gwada wannan da waccan. Ki kuma riƙa waiwayar abin da kika koya bayan kwana ɗaya, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata, domin tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya amfani. Kada yawan kalmomin Turanci ya tsorata ki. Kalmomi kimanin 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗaukar kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutu na yau da kullum, takardun lauya kuwa maimaita kansu suke yi, kalmomin da suke iya kayar da ke a cikinsu da wuya su cika shafi biyu na littafinki.

Maganar maigidanki kuma, yi miki faɗa a gaban mutane bai dace ba, kuma na fahimci ciwon da kika ji. Sai dai ki dubi nasa ɓangaren, takardar rantsuwa da aka dawo da ita tana ɓata masa lokaci, tana kuma taɓa mutuncinsa a idon wadda ta ɗauke shi aiki. Shawarata ita ce ki riga shi magana. Ki nemi lokacin da yake shi kaɗai kuma hankalinsa a kwance, ki ce masa kin gane inda matsalar take, ki nuna masa takardar kalmomin da kike nema kafin ki rufe aiki, ki roƙi abu biyu: a ba ki minti goma na dubawa kafin a karɓi duk takardar da za ta fita, kuma wani daga cikin ƙananan lauyoyi ya riƙa karanta takardun kotu kafin a sa hannu. Na biyun ba alfarma ba ce, aikin ofis mai tsari ke nan, domin takardar da lauya ya sa wa hannu alhakinta yana wuyansa, kuma ido biyu na mutum ɗaya ba sa isa ga rubutun da shi ya yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shugaba mai hankali ya fi natsuwa da ma'aikaciyar da ta zo masa da tsari a hannu fiye da wadda take ɓuya tana jiran ranar kora.

Abu ɗaya nake so ki tambayi kanki da gaskiya. Idan kin lura haruffa suna yi miki rawa ko suna haɗuwa, ko kanki yana ciwo bayan kin daɗe a gaban kwamfuta, ki je asibitin ido a auna ki, wataƙila tabarau ne kawai kike buƙata. Idan kuma tun kina firamare kike musanya haruffa, har a rubutun Hausa, kina karatu a hankali fiye da tsararrakinki duk da ƙoƙarinki, to akwai wata lalura ta karatu da likitoci suke kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma masanin halayyar koyo zai iya gwada ki ya nuna miki dabarun da suka dace. Wasiƙarki ta zo mini da Hausa mai tsabta, ban ga harafi ɗaya da ya bar gurbinsa ba, shi ya sa na fi karkata ga cewa sauri da fargaba ne, amma ke kika fi kowa sanin tarihinki.

Wordle kuwa ban hana ki ba, ki buga shi don nishaɗi idan kina so, sai dai duk ranar da kika gano kalmar, ki buɗe ƙamus ki karanta ma'anarta, ki sa ta a jimla ɗaya kafin ki ajiye wayar. Ki gwada wannan tsarin na wata guda, kina rubuta duk kuskuren da kika kama da kanki kafin takarda ta fita da wanda ya kuɓuce miki, sannan ki sake rubuto mini ki gaya mini abin da kika gani a cikin littafin. Ki gaishe mini da mahaifiyarki, Allah Ya yi wa aikinki albarka.